Inji Ba Ya Mutuwa Rana Ɗaya

A farkon watan Agusta na shekarar 2023, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take turo wa Nijar, bisa ga takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ɗora wa ƙasar bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli. A lokacin nan kuwa, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga can take fitowa, ta kan babban layin da ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai tun 1976, da kuma wanda ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa zuwa Maraɗi da Damagaram. Kusan wata 7 aka yi kafin wutar ta dawo. Cikin wannan tsakani, nauyin duka ya koma bisa injinan da ke cikin gida, tun daga na tashar Goru Banda mai ƙarfin megawat 80 wadda aka buɗe a 2017, da na Gudel, har zuwa ƙananan injinan bada wuta, watau gurup, da ke ajiye a bayan asibitoci da ofisoshi da masana'antu.

Gurup ɗin da aka sayo domin ya riƙe wuta na awa ɗaya ko biyu, sai ga shi ana bukatar ya wuni ya kwana yana aiki. A irin wannan rana ce ake bambanta injin da aka kula da shi da wanda aka manta. In ya tsaya, maganin rigakafin da ke cikin firigo ya lalace, famfon da ke ɗaga ruwa zuwa tanki ya yi shiru, likita ya rasa hasken yin aiki. Sai a ce inji ya mutu ba zato ba tsammani. Amma kanikawa sun san ba haka ba ne. Inji ba ya mutuwa rana ɗaya. Yakan daɗe yana ciwo, yana kuma faɗin ciwonsa ta hanyar zafi, da ƙara, da rawa, da hayaƙi, da ɗigon mai, sai dai in ba a sami mai saurare ba. A ƙasar Sahel abubuwa uku ne ke cin inji a hankali: ƙura, da zafi, da gurɓataccen ruwa. Dukansu kuwa suna da magani, kuma maganin bai kai kuɗin sabon inji ba.

Ƙura, maƙiyi na farko

Duk shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu takan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, wanda masana suka tabbatar babu wurin da ya kai shi tada ƙura a duniya. Bayan hazon hunturu, ga guguwar da ke share fage kafin saukar damana. Inji kuwa numfashi yake yi kamar mai rai. Kafin injin gazuwal ya ƙone lita 1 ta mai, sai ya shaƙi iska fiye da lita dubu 10. Duk abin da ke cikin iskar nan, in ba a tace shi ba, cikin inji zai sauka.

Domin a gane illar wannan, sai a san cewa ƙarafan da ke juyawa cikin inji ba sa taɓa juna. Wani siririn shimfiɗin mai ne ke raba su. Ana auna kaurinsa da mikron, watau kashi 1 cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum yakan kai mikron 70, shi kuwa shimfiɗin man nan mikron ƙalilan ne, a wani wurin ma bai cika 1 ba. Ƙwayar yashi, ko da ido bai gan ta ba, ta fi wannan kauri, kuma ta fi ƙarfen inji tauri. In ta shiga ta gauraya da mai, sai man da aka zuba domin kariya ya zama abin wasa wuƙa, yana cin fistin da zobbansa dare da rana. Alamar farko ita ce inji ya fara shan mai yana fidda shuɗin hayaƙi, ƙarfinsa kuma yana raguwa.

Saboda haka matacin iska shi ne mai gadin ƙofa. Sai dai akwai kuskuren da ya yawaita: a ciro shi a riƙa buga shi da bango domin ƙura ta zube. Bugun nan yakan tsaga takardar da ke ciki, tsagar da ba a gani, daga nan kuma ƙura ta sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin injina na da wata ƴar alama a jikin bututun iska wadda takan koma ja in matacin ya toshe. Ita ya kamata a bi, ba a riƙa buɗe murfi kullum ba, domin kowane buɗewa dama ce ga ƙura. Haka kuma gwangwanin mai da mazurarin zuba shi, da bakin bindigar giris, in aka bar su buɗe a ƙasa, to, mai gyara da hannunsa yake ɗura wa inji yashi.

Ko allunan hasken rana ba su tsira ba. Tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, ba su da fistin ba su da mai, amma ƙurar da ta kwanta bisa gilashi tana tare haske. Wanke alluna a kan kari shi ne babban aikin kula da irin waɗannan tashoshi.

Zafi, mai rage kwana

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a yawancin garuruwan ƙasar, wani lokaci ya kai 45 a inuwa. Masu ƙera injinan gazuwal kuwa, ƙarfin da suke rubutawa a jikin inji sun auna shi ne a iska mai digiri 25. Iska mai digiri 45 ta fi wancan sauƙi da kusan kashi 6 cikin 100, watau inji yana shaƙar iska kaɗan, yana kuma wahalar fidda zafin jikinsa. Wanda ya ɗora wa gurup cikakken nauyin da aka rubuta a jikinsa da tsakar ranar bazara, ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai wata ƙa'ida da duk mai kula da kayan lantarki ya kamata ya haddace. Wayar da aka naɗa cikin moter, watau injin da lantarki ke juyawa, tana da wani shafe da ke hana wuta tsallakawa daga sili zuwa sili. Duk ƙarin digiri 10 bisa zafin da aka ƙayyade wa wannan shafe yakan rage kwanansa da rabi. Moter ɗin da zai yi shekara 20 sai ya yi 10, in zafin ya ƙaru da wasu digiri 10 kuma, sai ya yi 5. Batir ma haka yake: in zafin wurin da aka ajiye shi ya haura digiri 25, kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yakan cinye rabin ransa.

Abin lura shi ne ƙura da zafi abokan tafiya ne. Ƙurar da ta cika tsakanin haƙarƙarin moter, ko ta toshe ramukan tukunyar sanyaya ruwa, tamkar bargo ce aka lulluɓa wa mai zazzaɓi. Sau da yawa kuma akan gina wa gurup ɗaki a toshe ko'ina domin tsoron ɓarayi, sai ya riƙa shaƙar zazzafar iskar da shi da kansa ya fitar. Ɗakin inji na bukatar ƙofa biyu ga iska: mashiga a ƙasa ta gefen inuwa, da mafita daidai gaban fanka. Tsintsiya da tsumma da taga a wurin da ya dace sun ceci injina da yawa.

Ruwa da mai

Ruwan rijiya, komai daɗinsa a baki, yana ɗauke da gishiri da ƙasa narkakku. In ya yi zafi cikin inji sai su daskare su bar farin ɓawo, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Wannan ɓawo ba ya barin zafi ya ratsa, saboda haka ƙarfe ya riƙa gasuwa alhali ruwa na zagayawa. Abin da ya dace da tukunyar sanyaya inji shi ne ruwa mai tsabta haɗe da maganin hana tsatsa, batir kuwa ba a zuba masa kowane ruwa sai tatacce.

Inda wannan magana ta fi nauyi shi ne tashar lantarki ta kamfanin SONICHAR da ke Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas. An kafa kamfanin a 1975, tashar ta fara bada wuta a 1981. Tana ƙona gawayin ƙasa da ake haƙowa nan kusa, a dafa ruwa, tururinsa ya juya injina biyu, kowane mai ƙarfin kusan megawat 19. An gina ta ne domin ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan da garuruwan yankin. A irin wannan tasha, ba a barin ɗigon ruwa ya shiga tukunya sai an cire masa gishiri sarai, domin ɓawo kaɗan a cikin bututu ya isa ya sa shi ya fashe. Kasancewar injina biyu kuma hikima ce ta aiki: ana iya tsayar da ɗaya a duba shi, ɗayan yana riƙe da wuta.

Ruwa yakan shiga gazuwal ma. Tankin da ba cike yake ba yakan yi gumi ta ciki da sanyin dare, ruwan ya taru a gindi, daga nan ya wuce ya ɓata famfon mai da allurorin da ke fesa shi. Maganinsa shi ne a riƙa cika tanki, a riƙa buɗe ƴar ƙofar gindinsa ana zubar da abin da ya kwanta, in kuma an kawo mai cikin ganga, a bar shi ya kwana ya natsu kafin a ɗiba, kada kuma a tsotse har ƙasa. Shi kuwa baƙin mai, da awa ake lissafin canza shi, ba da wata ba. Yawancin masu ƙera gurup sukan ce bayan awa 250 ko 500. Injin da ya wuni ya kwana yana aiki, cikin kwana 11 ya cika awa 250.

Nauyi, giris da wayar jan ƙarfe

Boris, wanda kanikawa ke kira rulma, shi ne zoben da sandar inji ke juyawa a cikinsa. Yana da lissafi mai ban tsoro: in aka ninka nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye sau 2, kwanansa ba rabi yake komawa ba, kashi 1 cikin 8 yake komawa. Wannan nauyi kuwa ba kullum daga aiki yake zuwa ba. Bel ɗin da aka ɗaure ya yi tauri fiye da kima, ko moter da famfon da ba a saita sandunansu sun miƙe daidai da juna ba, su ne ke danne boris har ya mutu da ƙuruciya. In aka canza shi ba a gyara saitin ba, sabon ma zai bi sawun tsohon.

Giris ma yana da iyaka. Wasu na zaton yawansa shi ne kulawa, alhali in ya cika gidan boris maƙil, sai ya riƙa dama kansa yana tara zafi har ya narke ya gudu. Sulusi zuwa rabin gidan ya isa. Ba a kuma gauraya giris iri biyu ba tare da sanin ko jininsu ya haɗu ba.

Ta fannin lantarki, moter yakan ja wuta ninki 5 zuwa 7 a lokacin tashi, shi ya sa yawan kashewa da kunnawa ke gasa shi. Mai waya uku kuma, in ɗaya ta yanke yana cikin aiki, zai ci gaba da juyawa yana gurnani har ya ƙone. Fis da sauran na'urorin kariya domin wannan aka sa su. In fis ya ƙone, magana ce yake yi: akwai cuta a gaba. Wanda ya ɗaura wayar jan ƙarfe a madadinsa domin aiki ya ci gaba, ya rufe bakin mai gargaɗi ne, gobara kuwa tana nan tafe. Kafin kuma bakanike ya sa hannu cikin inji, wajibi ne ya yanke wuta, ya sa kwaɗo a makunni, ya jefa makullin a aljihunsa, domin kada wani ya zo ya kunna bai san da mutum a ciki ba.

Zaman banza ma cuta ne ga gurup. A Amurka, ƙa'idar injinan ko-ta-kwana na asibitoci ita ce a tada su kowane wata, su yi aƙalla minti 30 ɗauke da nauyi. Tada inji ba nauyi, ko barin babban gurup yana haska fitilu ƙalilan ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, yakan sa mai ya kasa ƙonewa sarai, baƙin ruwa ya riƙa fita ta bututun hayaƙi.

Yaushe ya kamata a buɗe inji?

Da can an ɗauka cewa kowane ƙarfe yana da ranar tsufansa, saboda haka in wa'adi ya cika sai a kwance inji duka a sake ɗaurawa. A shekarar 1978 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen sama na United Airlines a Amurka, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi bisa kayan jirage. Sun gano kashi 11 cikin 100 ne kawai na kayan ke lalacewa saboda tsufa. Sauran kashi 89 ba su da ranar da za a ce ga ta. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne kashi 68 sun fi saurin lalacewa ne jim kaɗan bayan an sa su sababbi ko an taɓa su.

Darasin a bayyane yake. Abin da ke cinyewa da aiki, kamar mai da mataci da bel, a canza shi a kan lokaci. Amma injin da ke tafiya lafiya, ba a yi masa fiɗa don kawai shekara ta zagayo. A riƙa sauraronsa, a auna zafinsa da rawarsa, a duba launin mansa da hayaƙinsa, a rubuta. Ranar da awon ya fara kaucewa, ita ce ranar shirya gyara, tun ana da zaɓin lokaci.

Wa zai yi wannan sauraro? A ƙasar Japan, kamfanin Nippondenso ya yi suna a 1971 da wani tsari wanda Seiichi Nakajima ya yaɗa daga baya. Gindin tsarin shi ne mai tuƙa inji shi ne likitansa na farko. Shi zai share shi, ya sa masa mai, ya ɗaure kusar da ta saki, domin mai shara shi ke fara ganin ɗigo da tsaga. Ba ya cewa nawa tuƙi ne, gyara na wani ne.

Littafi da mangaza

Kowane inji ya cancanci littafinsa, a rataye kusa da shi: awa nawa ya yi, yaushe aka canza mai, me ya ɓaci, wa ya gyara, me aka sa. Inda babu littafi, tarihin inji yana cikin kan mutum ɗaya ne, ranar da aka canza masa wurin aiki ko ya yi ritaya, sai ilimin ya tafi tare da shi. Littafin ne kuma ke tona cutar da ke maimaita kanta. In boris ɗaya ya mutu sau 3 cikin shekara, ba boris ne mai laifi ba.

Daga littafin ake sanin abin da za a ajiye a mangaza. Nijar ba ta da teku. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai ya fi kilomita 1000, kuma bayan rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Ƙaramin ƙarfen da bai cika tafin hannu ba yana iya tsayar da masana'anta wata da watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke saurin cinyewa, da abin da in ya ɓaci komai ya tsaya, su ne za a tanada tun ranar sayen inji. Yana da kyau kuma ma'aikata ɗaya ta riƙa sayen injina iri ɗaya, domin kayan wannan su shiga wancan, maimakon a tara iri goma kowane da nasa. Cire ƙarfe daga inji mai ciwo a sa wa wani kuwa, shi ne mafarin makabartar injina da ake gani a bayan ma'aikatu.

Nan ne maganar ta komo kan shugabanni. In kuɗi suka yi ƙaranci, kason gyara ne aka fi saurin yankewa, domin ba a ganin illar a wannan shekarar. Bashi ne aka ci, inji kuwa zai karɓe shi da riba. Ƙasar tana da makarantun da ke horar da masu wannan aiki, kamar EMIG a Yamai, da EMAIR a Agadas, da makarantar fasaha ta Maraɗi. Amma gwani ba kayan aiki, ba mai, ba mai jin shawararsa, hannunsa a ɗaure yake.

Darasin magina

Gini ma inji ne mai tafiya a hankali. Indararon da ya toshe, da rufin da ruwa ke kwanciya a kansa, da famfon da ke ɗiga a gindin bango, da na'urar sanyaya ɗaki da ba a wanke matacinta, duk ƙananan abubuwa ne da ke zama manya. Wannan kuwa ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa da Abzin. Mai gidan ƙasa ya san ana yin yaɓe ne kafin damana, ba bayan soro ya rufta ba.

Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta. An kafa masallacin tun wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. Itatuwan da suka tsittsiro a jikinta suna riƙe ginin, su ne kuma matakan da magina ke hawa in za su sabunta yaɓe. Watau tun ranar gini an yi tunanin mai gyara, an bar masa wurin sa ƙafa. Wanda zai kafa inji a yau ya kamata ya yi koyi da su: ya bar fili a kewaye, ya sa mataci da ƙofar mai inda hannu zai kai, ya tanadi hanyar fidda moter ba sai an fasa bango ba.

Shekara tana da lokutanta, aikin kula ma haka. Kafin hunturu a tanadi matatan iska a toshe kafofin ƙura. Kafin bazara a wanke tukwanen sanyaya ruwa a duba batir da fanka. Kafin damana a hau rufi a share indararo, a duba wayar da ke kai tsawa ƙasa. Darekta da ya ware rabin awa kowane mako ya zagaya ɗakin injina, ya buɗe littafi, ya tambayi bakanike abin da yake bukata, ya yi wa ma'aikatarsa da jama'ar da ke dogara da ita babban aiki. Allah ya ba masu wannan hidima haƙuri da basira.